Yadda Zafi da Fari Ke Cin Dajin Ƙananan Itatuwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mu yi bayani kan wata magana da ta yawaita a bakin jama'a, har da masu ilimi a cikinsu. Cewa ake yi wai ƙananan itatuwan daji, irin su sabara da geza da kalgo da takwarorinsu na wasu nahiyoyi, ɗumamar yanayi ba za ta yi musu komai ba, tunda dama da zafi da ƙarancin ruwa suka saba. Wasu har hujja suke kafawa da hotunan tauraron ɗan'adam masu nuna cewa wasu busassun yankuna sun ƙara kore. Mu aikinmu ke nan, auna girman tsirrai da danshin ƙasa, kuma abin da ma'auni ke nunawa bai bar mu mu yi shiru ba. Irin wannan daji yana iya daɗewa da kore a ido alhali ya daina haihuwa, ya daina tara abinci a saiwa, wasu ire-iren tsirran da ke cikinsa kuma suna ƙarewa a hankali.

Dajin da muke nufi shi ne wanda itatuwansa ba su cika wuce tsawon mita biyar ba, da yawansu ma ba su kai mita biyu ba, kuma maimakon gangar jiki guda, rassa da yawa ne ke fitowa daga gindi. Akwai shi a kewayen Bahar Rum, da Kalifoniya, da kudancin Afirka, da Ostireliya, da yankin Sahel, har da tuddai masu sanyi na arewacin Turai. Itatuwan sun bambanta, amma yadda ruwa ke bi ta jikinsu ɗaya ne.

Yawancin mutane ruwan sama kawai suke dubawa. Idan aka ce bana an samu milimita 500 kamar bara, sai hankali ya kwanta. Sai dai iska ma tana da ƙishi, kuma zafi ne ke ƙara mata shi. Duk digiri ɗaya da zafi ya hau, yawan tururin da iska ke iya ɗauka na ƙaruwa da kusan kashi 7 cikin 100. A digiri 30, kubik mita ɗaya na iska na iya riƙe kimanin giram 30 na tururin ruwa. A digiri 40 sai ya kai giram 51. To idan laimar iska kashi 20 ce cikin 100, kamar yadda aka saba gani da rani a busassun wurare, giɓin da ya rage mata giram 24 ne a digiri 30, amma giram 41 ne a digiri 40. Daga jikin ganye da fuskar ƙasa take cike wannan giɓi. Rahoton kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi na 2021 ya nuna cewa tsakanin 2011 da 2020 duniya ta fi yadda take a shekarun 1850 zuwa 1900 zafi da kusan digiri 1.1, amma a kan tudu, ban da teku, ƙarin ya kai kusan digiri 1.6. Ke nan ko da ruwan sama bai ragu da ɗigo ɗaya ba, iskar da ke kan dajin ta fi ta zamanin da iya zuƙe ruwa da fiye da kashi 10 cikin 100.

A jikin kowane ganye akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan iskar kabon ke shiga don tsiro ya haɗa abincinsa da hasken rana, ta nan kuma ruwa ke fita. Ba yadda za a yi ɗaya ya shiga ba tare da ɗayan ya fita ba: kafin itace ya ƙara giram ɗaya na busasshen nauyi, sai ya saki ɗaruruwan giram na ruwa. Idan iska ta tsananta ƙishi, dabararsa ita ce rufe ƙofofin. A rana mai tsananin zafi itacen kan buɗe su da sassafe na 'yan sa'o'i, kafin hantsi ya dubi ludayi ya rufe, sauran wunin duka ba ya haɗa komai. Ganye na nan kore shar, aiki kuwa ya tsaya. Rufewar ma tana da nata sharri, domin fitar ruwan nan ita ke sanyaya ganye. Da zarar ta tsaya, ganyen kan fi iskar da ke kewaye da shi zafi da digiri da dama, kuma idan ya shiga tsakanin digiri 45 da 50, sassan da ke haɗa abinci sukan fara lalacewa.

Da dare kuma wata asarar ce. Tsiro na numfashi, yana ƙona abin da ya tara, kuma saurin ƙonawar kan kusan ninkawa duk ƙarin digiri 10. Dare mai ɗumi na nufin an ci da yawa daga ɗan abin da aka samu da safe. Ajiyar da ake ci ɗin nan ita ce sitacin da ke cikin saiwa da kututture, kuma da ita itacen ke tohowa bayan sara ko gobara ko fari. Wannan ajiya ba a ganinta daga waje, shi ya sa ba a lura da ƙarewarta sai ranar da aka sare itace ya ƙi tohowa.

Alamar farko da mai lura zai gani tana jikin sabon reshe. Girma kan tsaya tun kafin haɗa abinci ya tsaya, domin ƙwayoyin reshe sai da matsin ruwa suke miƙewa. Don haka tazarar da ke tsakanin gaɓa da gaɓa sai ta gajarce, ganye ya fito ƙanana masu kauri, fure ya ragu. Idan farin ya ci gaba, sai abin ya kai ga jijiyoyin ruwa da ke cikin itace. Ganye ne ke janyo ruwa daga saiwa ta waɗannan siraran bututu, kuma gwargwadon bushewar ƙasa gwargwadon ƙarfin jan. Wanda ya taɓa zuƙo ruwa da tiyo ya san da zarar iska ta shiga, ruwan ya yanke. Haka take faruwa a cikin itace: kumfar iska ta shiga bututu, bututun ya daina aiki. Amfanin gona da yawa kan yi yaushin da ba ya farfaɗowa idan ƙarfin jan ya kai megafaskal 1.5 (megafaskal ma'aunin matsi ne), yayin da wasu itatuwan hamada ke jure ninki huɗu na wannan ko fiye. Juriyar gaskiya ce, amma tana da iyaka, kuma kowane iri da tasa. Mutuwa kan faro daga kan rassa ta gangaro. Amfanin rassa da yawa a nan yake, don itacen kan sadaukar da wasu ya tsira da wasu. Amma bututun da ya toshe yawanci sai an yi sabon itace ake maye gurbinsa, shi ya sa girma kan ci gaba da rauni shekara ɗaya zuwa uku bayan fari, ko da ruwa ya dawo da kyau.

An gwada wannan a fili, ba a ɗakin bincike kawai ba. Tun daga ƙarshen shekarun 1990 masana suka kafa filayen gwaji a dazukan ƙananan itatuwa na Birtaniya da Denmak da Holan da Sifaniya, daga baya aka ƙara Hangari da Italiya. Kowane fili mita 4 ne a faɗi, mita 5 a tsawo, kuma a kowane wuri akwai uku da aka ɗumama, uku da aka hana ruwa, uku da aka bari yadda suke. Ɗumamawar da labule mai mayar da zafi ake yi: da magariba ya shimfiɗu a saman tsirrai ya tare zafin da ƙasa ke fitarwa, da asuba ya naɗe, idan ruwa ya sauko da dare ma ya naɗe don kada ya tare shi. Ƙarin zafin da yake kawowa bai cika wuce digiri ɗaya ba. Na fari kuwa leda ce mai haske da na'urar jin ruwa ke shimfiɗawa da zarar an fara yayyafi a lokacin girman tsirrai, ruwa na ɗaukewa ta naɗe.

Sakamakon ya bambanta da wuri. A arewacin Turai mai sanyi da yawan ruwa, ɗumi ya ɗan taimaka wa girma, domin can sanyi ne ke tauye tsirrai. Irin wannan ne ake gani a Alaska, inda hotunan sama na wajen 1950 da aka kwatanta da na shekara hamsin bayan nan suka nuna ƙananan itatuwa sun bazu. A kudancin Turai mai ƙarancin ruwa kuwa ɗumi bai kawo wannan riba ba, fari kuma ya rage girma. A shekarar 2003, da Turai ta sha tsananin zafi da fari tare, abin da dazukan suka haɗa ya faɗi a yawancin wuraren. A Garraf, kusa da Basalona, inda daji ke farfaɗowa daga gobarar 1994, itacen Erica multiflora ya yi ta ja da baya a filayen fari, Globularia alypum mai juriya ya cike gurbinsa, kuma ire-iren sabbin tsiron da ke fitowa suka ragu. Nazarin da ya haɗa wuraren duka, wanda aka fitar a 2015, ya nuna abin da muke ganin ya fi komai muhimmanci ga mai kula da daji: wuraren da suka daɗe a zaune ba su canja sosai ba, waɗanda ke cikin farfaɗowa daga gobara ko wata ɓarna su ne sauyin ya fi taɓawa.

Dalilin yana wajen jariran tsiro. Tsohon itace na da saiwa mai nisan mita da dama, da ajiya, da inuwar kansa. Wanda ya tsiro bana saiwarsa na cikin santimita 10 zuwa 30 na saman ƙasa, inda ruwa ke fara ƙafewa. Fuskar ƙasa marar rufi a busassun wurare kan haura digiri 60 da tsakar rana, kuma wannan ya isa ya dafa siririn karan tsiro daidai inda ya haɗu da ƙasa, ya faɗi ko da akwai danshi a ƙarƙashinsa. Ga kuma ruwan yaudara: a yi ruwa mai kyau iri ya tsiro, sai a ɗauke mako biyu ko uku. Tsiron ya mutu, irin da ke ajiye a ƙasa kuma ya ragu, domin wanda ya tsiro ba ya komawa. A irin wannan daji dama ba kowace shekara ake samun sabon zubi ba. Sai an dace da shekara mai ruwa, ta bayanta ma ba ta yi tsanani ba. Idan irin waɗannan shekaru suka yi nisa da juna, dajin sai ya tsufa ba magaji. Tunda itatuwan kan yi shekaru gommai a raye, tsofaffin ne ke rufa wa dajin asiri, har ranar da babban fari zai kwashe su a lokaci guda.

Wane iri ne zai fara mutuwa? Amsar ba ta bin zato. A farin Kalifoniya da ya faro a 2012 ya tsananta a 2014, itatuwan da suka fi mutuwa sun haɗa da wasu ire-iren Ceanothus da Arctostaphylos, waɗanda jijiyoyin ruwansu ke cikin mafi juriya da aka taɓa aunawa. Abin da ya kashe su gajeriyar saiwa ce. Masu doguwar saiwa, duk da jijiyoyinsu sun fi rauni, sun kai ga danshin can ƙasa suka daɗe, ko da yake daga baya cutar funfuna ta shiga wasunsu da suka galabaita. Don haka duk wanda zai zaɓi irin da zai dasa don fari, ya fara tambayar nisan saiwa da zurfin ƙasar wurin kafin komai.

Sai gobara. Rassan da suka bushe makamashi ne, kuma inda itatuwa suka mutu ciyawa mai shekara ɗaya ce ke shiga, ta bushe da wuri, ta haɗa wuta daga wannan itace zuwa wancan. A yammacin Amurka ciyawar Bromus tectorum ta mayar da wuraren da a da sai bayan shekaru gommai suke ƙonewa zuwa masu ƙonewa duk bayan 'yan shekaru. Itatuwan da ba sa tohowa daga kututture, sai dai daga iri, suna bukatar shekaru kafin su yi fure su zubar da isasshen iri. A Kalifoniya idan wuta ta dawo kafin shekara goma, irin waɗannan kan ɓace daga wurin. Masu tohowa ma ba su tsira ba idan fari ya biyo bayan wuta, don sabon toho ya fi tsohon reshe rauni, ajiyar saiwa kuma ta riga ta tafi wajen fito da shi.

Ba mu musanta cewa wasu wurare sun ƙara kore ba. Iskar kabon ta tashi daga kusan kashi 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa sama da 420, kuma hakan na ba tsiro damar haɗa abinci da ƙofofinsa a ɗan tsuke, ya rage asarar ruwa. A Sahel ma ruwa ya ɗan dawo bayan farin shekarun 1970 da 1980. Amma wani nazari a tsakiyar Senegal da aka buga a 2013 ya tarar cewa a wuraren da tauraro ya nuna ƙarin kore, ire-iren itatuwa sun ragu, manya sun yi ƙaranci, 'yan ire-ire masu jure fari sun mamaye. Kore ɗaya ne daga sama, dajin kuwa ya talauce. Kuma kabon ba ya amfanar saiwar da ke cikin busasshiyar ƙasa.

Yadda ruwan ke sauka ya kai yawansa muhimmanci. Milimita ɗaya lita ɗaya ce a kan murabba'in mita ɗaya. Ruwan da bai kai milimita 5 ba saman ƙasa kawai yake jiƙawa, kuma a lokacin da rana ke iya ƙafar da milimita 6 zuwa 10 a wuni, ba ya kwana biyu. Ruwan milimita 10 a busasshen yashi kan nutse kimanin santimita 10 ne kacal. Mamakon ruwa a kan faƙo kuwa yawancinsa gudu yake yi. Mita ɗaya ta ƙasa mai yashi na ajiye wa tsiro milimita 50 zuwa 110, mai haɗin yashi da laka kuma 130 zuwa 180. Duk da haka, inda ruwan shekara ya yi ƙaranci sosai, yashin kan fi laka riƙe itatuwa, domin ruwa na nutsewa can ƙasa inda rana ba ta kai wa, laka kuwa a sama take riƙe shi har ya ƙafe. A tuddan kudu maso yammacin Nijar akwai daji mai ratsi-ratsi, layin geza da sabara sai layin faƙo, a kan gangaren da bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Faƙon ne ke tara wa layin itatuwa ruwa. Wanda ya ga faƙon ya ce ɓarna ce ya huɗe shi ya dasa itace, ya yanke wa layin da ke ƙasa ruwansa.

Wanda ke son sanin halin da daji ke ciki, ga yadda ake yi, kuma ba ya bukatar kayan tsada. A kafa turakun ƙarfe biyu da tazarar mita 50, a ja tef tsakaninsu, a rubuta inda inuwar kowane itace ta fara da inda ta ƙare a kan tef ɗin, da sunan irinsa. Jimlar tsawon kowane iri a raba da 50, shi ne rabon filin da ya rufe. Layi uku zuwa biyar a wuri guda, kuma a koma a wata ɗaya kowace shekara, a ƙarshen lokacin girma; wanda ya auna bana a tsakiyar damina, baɗi a rani, bambancin wata ya auna. Daga kowane muhimmin iri a zaɓi itace 15 zuwa 20, manya da ƙanana, a ɗaura musu lambar ƙarfe, don ta leda rana na cinye ta dabbobi kuma na tauna ta. A kowanne a yi wa reshe huɗu alama, gabas da yamma, kudu da arewa, a auna tsawon sabon toho. Kauri a auna shi santimita 10 daga ƙasa, a sa ɗigon fenti a wurin don a riƙa komawa daidai nan. A ƙiyasta rabon rassan da suka mutu. Kada a rubuta itace a matsayin matacce don ya zubar da ganye. A kankare ɓawo a ga ko akwai kore, a kuma jira damina guda ta wuce.

Jariran tsiro su ne aikin da aka fi tsallakewa, su ne kuma suka fi ba da labari. A ware murabba'ai goma na mita ɗaya-ɗaya a kowane layi, rabi a ƙarƙashin itace, rabi a sarari. A ƙirga sau uku: bayan ruwan farko, a ƙarshen damina, da ƙarshen rani. Ƙirgen ƙarshe ne ke nuna ko akwai magada. A ɗebi iri 50 daga kowane nau'i a tsaga, domin a shekarar fari da yawa fanko ne. Danshin ƙasa kuma a haƙo daga zurfin santimita 10, 30, 60 da 100, a rufe a gwangwani nan take, a auna nauyi, a busar a digiri 105 na sa'a 24, a sake aunawa. Samfurin da aka bari a buɗe a rana ko na rabin sa'a ne ya riga ya yi ƙarya. Ma'aunin ruwan sama a karanta shi bayan kowane ruwa, ma'aunin zafi kuma ya zauna a inuwa mai iska, mita ɗaya da rabi daga ƙasa. Muhimmin abu shi ne a killace rabin filayen daga dabbobi a bar rabi, in ba haka ba ba za a bambance ɓarnar fari da ta kiwo ba. Mai son yin rumfar hana ruwa ya sani saiwar itace kan fita waje ta sha, sai ya haƙa rami kewaye da filin ya jera leda mai kauri a tsaye zuwa zurfin aƙalla santimita 50, ya kuma bar gefen rumfar a buɗe don kada ta zama ɗakin zafi.

Game da abin yi, shekarar da ta biyo bayan fari ko gobara ita ce ta lallashi. A lokacin ne ciyawa ke dawowa, ido ya ga kamar komai ya daidaita, a saki dabbobi, a shiga da gatari, alhali itatuwa na kan ragowar ajiyarsu. Shawararmu a hutar da irin wannan wuri damina biyu. Idan sara ya zama dole, a yi shi lokacin da itace ke hutawa, kafin sabon toho, don bayan ya fitar da ganye ne ajiyarsa ke raguwa. Kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na rassa, a yi sara a karkace da kaifin ƙarfe, kada a tsaga kututture. Rassan da aka sare ƙanana a shimfiɗa su a kan faƙo: suna tare ƙasa da irin da iska ke ɗaukowa, gara kuma ta huda ɓawon ƙasar ruwa ya samu hanya.

Kada a tumɓuke tsofaffin itatuwa don a dasa sabbi. Tun 1987 aka nuna a jihar Utah ta Amurka cewa itacen Artemisia tridentata na ɗago ruwa daga zurfi da dare ya sake shi a busasshiyar ƙasar sama, kuma a Senegal an bi sawun ruwa mai alama daga saiwar sabara har cikin amfanin gonar da ke gefenta. Gwaje-gwaje a duwatsun kudancin Sifaniya sun nuna dashen da aka sa a ƙarƙashin ƙananan itatuwa ya fi na sarari rayuwa. A dasa ta gabashin tsohon itace, inda inuwar la'asar ke faɗawa.

A kan ƙasa mai tauri da ɗan gangare, ramin rabin wata na aiki: faɗin mita 2 zuwa 4, zurfin santimita 15 zuwa 25, bakinsa na kallon inda ruwa ke gangarowa, layi-layi a saɓe. Ruwan milimita 20 a kan murabba'in mita 10 na faƙo lita 200 ne. Ko rabi ya gangaro, lita 100 ta shiga ramin. Inda ake samun matsala shi ne ganuwar ƙasa ta gefen ramin da ba a daddaɓe ba ta fashe a ruwan farko, ko a sa dashe a tsakiyar rami ruwa ya shaƙe shi. Wurinsa gindin ganuwa ne, a ɗan tudu. A jigawa mai zurfin yashi ramin ba shi da amfani, don babu ruwan da ke gudu.

Iri a tara shi daga uwaye aƙalla 30 masu nisa da juna, a haɗa da wani kaso daga wuri mafi zafi da bushewa a yankin. A rena shi a leda mai zurfin santimita 30. Gajeriyar leda na naɗe babbar saiwa, kuma saiwar da ta naɗe ba ta miƙewa ƙasa bayan dashe. Mako huɗu zuwa shida kafin fitarwa a rage ban ruwa da inuwa. Kada a dasa sai ƙasa ta jiƙe zuwa santimita 40 ko 50. A rufe gindi da busasshiyar ciyawa kaurin santimita 5 zuwa 8, a bar ɗan fili kewaye da kara. Idan za a yi ban ruwa da rani, lita 10 duk mako biyu ta fi lita ɗaya kullum, domin ɗan ruwan kullum a sama yake tsayar da saiwa. Hukumomi da ƙungiyoyin da ke ba da kuɗin irin wannan aiki kuma muna roƙonsu su daina karɓar adadin da aka dasa a matsayin sakamako, su nemi adadin da ke raye, iri-iri, bayan rani na biyu.

Wassalam.

Naku,
Wasu masu nazarin tsirrai da ƙasar busassun yankuna